Gaisuwar da Na Ƙi Yi a Gidan Mutanen Koriya

Abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou sun shuɗe mini, har sunayen wasu titunan da nake bi kullum sun ɓace. Amma akwai wata safiya, ta sabuwar shekarar mutanen Koriya, wadda na san ko tsufa ya cinye mini tunani ita ba za ta fita ba.

Na je China ne kamar yadda yawancin 'yan Kano ke zuwa, sarin kaya. Da tafiya ta yi tafiya yaren ya zauna a bakina, sai wani ɗan Koriya mai kamfanin kayan mata kusa da kasuwar Shisanhang ya ɗauke ni aiki, in riƙa kula masa da 'yan kasuwar Afirka. Kamfanin ƙarami ne, yawancin ma'aikatan mutanensa ne, sai 'yan China biyu, sai ni. Kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. Takardar zamana a ƙasar ta hannun kamfaninsa take fitowa, duk shekara sai ya sa hannu. Shi ne ma ya samo mini ɗaki a unguwar da mutanensu suka fi yawa, inda rubutun shaguna duk da yarensu yake.

Zama da su bai yi mini wuya kamar yadda na zata ba. Tambayar farko da kowa ya yi mini ita ce shekaruna nawa. Na ɗauka shisshigi ne, ashe so suke su san wane ne babba don a san yadda za a yi magana. Ba sa miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba sa shiga ɗaki da takalmi, yaro ba ya fara cin abinci kafin dattijo. Duk wannan na baro shi a gida, don haka ban sha wahalar koyo ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne gaggawarsu, komai yanzu-yanzu, sai kuma kimci, wani kabeji mai yaji da suke tsimawa, wanda a makon farko ko warinsa ba na so, daga baya kuma in babu shi sai in ji abinci bai cika ba. In an fita cin abinci bayan aiki su naman alade da giya, ni kifi da lemo. Sun tambaya sau ɗaya, na yi bayani, suka bar maganar.

A shekarata ta biyu da su, sabuwar shekara ta zo. Duk wanda ya taɓa yin wannan lokaci a Guangzhou ya san yadda gari ke mutuwa. Shisanhang da ba ka samun wajen sa ƙafa sai ka ga ƙofofi a garƙame tun daga farkon titi har ƙarshe. 'Yan China sun tafi garuruwansu, mutanenmu sun loda kayansu sun yi gida tun da wuri. Su ma 'yan Koriya ranar ce tasu sabuwar shekarar, kuma bana Lawban bai tafi ba. Mahaifiyarsa ta rasu a shekarar da ta gabata, sai ya ɗauko mahaifinsa ya zo ya yi bikin a nan. Ya gayyaci duk ma'aikatan da ba su yi tafiya ba, har da ni.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na ba wani Alhaji ɗan Maraɗi labari. Ya fi ni daɗewa a garin nesa ba kusa ba. Ya dube ni ya ce, "Ka san dai abin da suke yi ranar? Goshi suke kaiwa ƙasa gaban tsohwahwinsu. Ka hwaɗa mishi tun yanzu, ko kuwa ka ce ba ka da lahiya."

Ban yi ko ɗaya ba. Kwana uku ina ganin Lawban, sau biyu ma mu kaɗai a mota, amma bakina ya yi nauyi. Na riƙa ce wa kaina ai baƙo ne ni, ba wanda zai sa ni a layi. Yanzu in na tuna, na san ba tunani ba ne wannan, tsoro ne kawai ya sa rigar tunani.

Ranar bikin da safe ana yayyafi, ga sanyin nan mai shiga ƙashi. Na sa farar shadda da hula, na riƙe kwalin dabino. Ina shiga matar Lawban ta ja ni kicin ta nuna mini wata tukunya sabuwa fil. Ta ce jiya sai da ta hau jirgin ƙasa har unguwar Musulmi ta sayo naman sa, tukunyar kuma ba a taɓa dafa komai a ciki ba sai yau, don ni ta saye ta. Miyar da suke sha ranar ce a ciki, romo da yankakken tuwon shinkafa. Na yi godiya.

A falo an kawar da kujeru. A gefe ɗaya akwai gajeren tebur cike da abinci da 'ya'yan itace, da hoton wata tsohuwa a jingine. A tsakiya tsohon yana zaune kan matashi, cikin tufafinsu na gargajiya, siriri, gashi fari fat. Aka jeru bisa shekaru. Lawban da matarsa suka fara. Suka haɗa hannuwa a goshi, suka durƙusa, suka kai har ƙasa, suka ɗan jima, sannan suka miƙe. Tsohon ya yi musu 'yan kalmomi. Haka aka bi ɗaya bayan ɗaya. Ni ina can baya jikin bango, ina fatan a manta da ni.

Da na ƙarshe ya tashi sai Lawban ya waiwayo yana murmushi, ya yafito ni. Da yaren China muke magana da shi, ya ce, "Taho mana. Kai ma ɗan gida ne."

Na tako har gaban tsohon na tsaya. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin takardata, na yi tunanin tukunyar nan da ke kicin. Har wani abu ya ce mini in yi da sauri a wuce wurin, wa zai sani a Kano. Amma gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa. Na ce, "Lawban, ka yi haƙuri. Ba zan iya kai goshina ƙasa ba. A addinina Allah kaɗai ake yi wa haka."

Kunnuwan Lawban suka yi ja. Ya matso ya rage murya ya ce, "Gaisuwa ce kawai, ba bauta ba ce. Sau ɗaya." Na san a wurinsu gaskiya ya faɗa, ba wanda ya ɗauki tsohon nan abin bauta. Na ce na sani, amma ba zan iya ba. Matarsa ta juya ta shige kicin.

Tsohon ba ya jin yaren China. Ya tambayi ɗansa abin da ke faruwa. Lawban ya ba shi amsa gajeriya, tsohon ya girgiza kai, da alama cewa ya yi a faɗa masa duka. Da ya gama ji sai ya ƙura mini ido, ya yi tambaya, ɗansa ya fassara.

"Ya ce kana da uba?"

Na ce yana nan da rai.

"Ya ce to in ka je gabansa yaya kake gaishe shi?"

Sai na tsuguna kamar yadda nake yi a zauren gidanmu, gwiwa ɗaya a ƙasa, na sunkuyar da kai, ban dubi fuskarsa ba. Da Hausa na ce, "Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." Ya sa aka fassara masa. Sannan ya tambayi abin da mahaifina ke mayar mini. Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya ce in maimaita, na maimaita a hankali. Sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya ce, "Alla ya yi maka arubaruka." Wani daga cikin ma'aikata ya yi dariya, ya kuma yi maza ya haɗiye ta.

Aka kawo abinci aka zauna a ƙasa. Muna cikin ci tsohon ya ajiye cokali, ya dubi hoton da ke kan tebur, ya fara magana. Lawban ya fassara mini ba tare da ya ɗago kai ba. Tsohon ya ce hoton matarsa ne, mahaifiyar Lawban. Kirista ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidansu ta ce za ta dafa duk abincin da ake ajiye wa magabata da suka rasu a kan tebur irin wannan, amma ba za ta rusuna wa teburin ba. Uwar mijin ta yi faɗa har ta gaji. Shi kuma duk sabuwar shekara sai ya yini bai yi mata magana ba, har tsufa ya zo musu. Ya ce, "Yau da safe na ɗora hotonta a teburin da hannuna. Na tsaya ban san abin da zan yi ba. In na rusuna mata, haushi za ta ji. Sai na tsaya kawai." Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da shan miya.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya wuce lami lafiya. Ranar da aka buɗe kasuwa Lawban ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ka san za a yi wannan gaisuwar kafin ka zo?" Na ce na sani. Ya ce, "To me ya hana ka gaya mini? Da na shirya mahaifina, da ban kira ka gaban mutane ba. Ka bar ni na ji kunya gaban ubana da yarana." Haƙuri kawai na ba shi. Matarsa kuwa ta yi watanni gaisuwarmu ba ta wuce ta baki ba. Da lokacin takardata ya zo Lawban ya sa hannu, na ƙara shekara uku tare da su. Tsohon ya koma ƙasarsu bayan biki, ban sake ganinsa ba.

Ban taɓa nadamar ƙin kai goshina ƙasa ba, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Nadamata tana kan shirun da na yi. Abin da na koya shi ne, in kana zaune cikin mutanen da ba naka ba, kuma ka san akwai inda ba za ka iya bin su ba, to ka faɗa tun da sauran lokaci, tsakaninka da mutum, ka kuma zo da abin da za ka iya a madadinsa. Mutane sukan ɗauki "ba zan iya ba" fiye da yadda muke zato. Abin da ke yi musu ciwo shi ne su fara jin ta a bainar jama'a, daga bakin wanda suka riga suka kira ɗan gida.