Ranar da Na Loda Irin Gyaɗar Mutanen Gangara

Shekarun baya, ba da daɗewa ba bayan samun mulkin kai, ni ne mai awo a wani kamfanin sayen gyaɗa a Cadawa. Da Bature ya tafi muka yi murna, muka ce yanzu namu ne za su riƙe. Ashe darektoci za a riƙa aiko mana kamar baƙin kasuwa. Kafin ka gane halin wannan an ɗauke shi. Wani ya ce a fara awo da asuba, na bayansa ya ce wane jahili ya tsara haka. Ni kuwa kowa ya zo sai in karkata hula in ce, "Wi, mushe darekta." Iyakar Faransancina ke nan, da shi nake ci.

Akwai buhunan iri da muka ware a sito, wanda za a raba wa manoman Gangara in damina ta kama. Sai ga sabon darekta, kwanansa uku. Ya leƙa siton, ya ce a kwashe komai a kai Maraɗi wurin matsar mai.

Abokina mai gadin sito ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan iri ne. Wanda ka gada ya yi wa mutane alkawari."

Ya ce, "Shi wanda ya yi alkawarin yana ina yanzu?"

Abokina ya dube ni, ko zan sa baki. Na dubi ƙasa. Da kafaɗata aka loda buhunan nan a mota.

Ba a yi sati biyu ba aka canza darektan. Ruwan shuka ya sauka, mutanen Gangara suka iso da jakuna, kawuna ne a gabansu. Muka buɗe musu sito, ba kome sai ɓawo. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, da ka aiko mana tun ranar, da mun nemi iri a wani wuri." Ya juya jakinsa.

Darektan da ya zo bayan wancan ya tara mu a buro, wato ofis, yana buga tebur, wai wa ya ba da izini, ina takarda? Babu takarda, da baki aka faɗa. Nan take ya kori abokina, tunda makulli a hannunsa yake. Na tambayi direban kamfani ina aka kai wancan darektan, ina zaton an hukunta shi. Ya ce, "Hukunci? Ai girma aka ƙara masa, yana Yamai." Na riƙe baki.

Shekarar nan kawu gero kawai ya shuka. Abokina ya koma noma a Gidan Sori, bai taɓa yi mini gori ba har ya rasu. Na daɗe ina zagin darektocin, amma yau in na tuna, ba su nake fara gani ba. Gangara ba nisa, ranar kasuwa ma ana zuwa. Mutum ɗaya zan aika, ban aika ba.