Ɓaunayen Giza da Ɗan Gajera

Mun tashi da asuba daga gidanmu na unguwar Faisal, ni da abokin ɗakina, ɗan Maraɗi mai karatun aikin gona. Malamarsu ce ta shirya musu ziyarar wata gonar kiwon ɓauna a kudancin Giza, shi kuma ya matsa sai na bi su, wai tun da na zo Masar ban san ko'ina ba sai hanyar laburare.

Na fito da abu a raina. Ana gobe tafiyar Yayana ya kira daga gida. Ciyawa ta yi wuya, cikin 'yan bijimai biyu da suka rage mana za a kai ɗaya kasuwa ranar Juma'a. Za a bar farin, mai tozo da kyan ƙaho, a sayar da ɗan Gajera, saniyar marigayiya Inna. Na ce to. Ni dama da “to” aka san ni a gida.

Ƙaramar bas muka hau, irin wadda ake miƙa kuɗin mota hannu da hannu har ya isa ga direba. Wahalar mai ta bana ta sa ya ƙara kuɗi, wata tsohuwa ta yi ta yi masa faɗa, shi kuma yana “ma'alish”, wato a yi haƙuri, bai rage komai ba. Muka karya da wake a cikin gurasa. Da muka bar gidajen jan bulo, hanya ta bi gefen magudanar ruwa: dabino, koren ciyawa, jakuna da amalanke, can nesa dalar Fir'auna cikin hazo.

A wajenmu ɓauna dabbar dawa ce, a kirarin maharba muke jin ta. Da na ga garkensu, baƙaƙe, sai na koma bayan abokina. Ashe a nan dattijuwa ce ke sosa mata wuya tana tatsa. Nonon fari ne tas, mai kauri. Masu gonar suka ba mu mansa da zuma a kan waina mai falle-falle, na ci har na ji kunya.

Bayan nan malamar ta sa aka fito da maza biyu, ta tambayi wanda ya dace a bari don barbara. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na nuna ƙaton mai faɗin ƙirji. Haka na ga Baba yana zaɓa.

Ta yi dariya ta ce, “Ya Shehu, angon biki kake nema?”

Ta bayyana cewa namiji ba ya ba da nono, don haka ba jikinsa ake duba ba. Uwarsa ake dubawa, sannan a jira 'ya'yansa mata su haihu a ga abin da suke bayarwa. Ɗayan, ƙaramin nan mai karkataccen ƙaho, 'ya'yansa ne ke cika bokiti, irinsa ake kaiwa ƙauyuka. Aiki ne na shekaru.

Daga nan ban ƙara jin bayaninta ba. Inna nake gani a tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, kanta jingine da cikin Gajera, kumfa na tasowa. Maƙwabta suna yi wa saniyar dariya, Inna takan ce, “Ku yi ta yi, ita ta yaye min yara.”

La'asar ta same mu a Faisal. Ko takalmi ban cire ba na kira gida.

“Yaya, a bar ɗan Gajera.”

“Wannan mai kama da jakin? Karatun ne ya taɓa ka?”

“Wace saniya ce ke cika ƙwaryar Inna?”

Na ƙara da cewa, “Uwar farin fa?”

“Ita ko ɗanta da ƙyar take ƙosarwa.” Ya ja numfashi. “To, malamin Masar. Farin za a kai.”

Abin da tafiyar ta koya min bai wuce wannan ba: a kiwo uwa ake tambaya, ba ƙaho ba. Inna ta san haka tuntuni. Ni sai da na zo Giza na ji shi da Larabci, sannan na iya buɗe baki na ce wa Yayana a'a.