Ranar da Na Kalli Ɗan Farina

A shekarar da na haifi ɗan farina aka ba ni zama uwar Mai Ceto a wasan Kirsimeti, ba kuma don na fi kowa iya wasa ba. Kaf ƙauyenmu, can bakin daji bayan Kakangi, ni kaɗai ce mai ɗanyen goyo a cikin masu zuwa majami'a. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, malaminmu kuma sabon fitowa ne daga makarantar bishara, kansa cike da dabaru. Ya ce ya gaji da ganin ana naɗe gora a tsumma a ce wai shi ne Almasihu. Bana jariri na gaske yake so.

Abin da malam bai sa a lissafi ba shi ne kunyar ɗan fari. A wurinmu, Kirista da Musulmi duk ɗaya ne a nan: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallonsa a gaban mutane. In ya yi kuka a miƙo miki, ki ba shi nono kina kallon bango, a karɓe. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ke masa wanka, ita ke goyonsa, a ɗakinta yake wuni. Watansa biyu, amma kallon da na yi masa duk na sata ne. Ina son yaron nan kamar in haɗiye shi, ina kuma tsoron a ce Inna ta yi suruka marar kunya. Tsoron ne ya fi ƙarfi.

Na ce wa malam ba zan iya ba. Ya kai maganar wurin Inna, suka yi ta ja-in-ja a gindin rumbu har aka daidaita: jariri zai kwanta a komin dabbobi, ni zan zauna gefe a lulluɓe, kai a sunkuye. Ba ɗauka, ba kallo. Mijina kuwa, da ya ji ana neman wanda zai tsaya kusa da ni a matsayin miji, sai ya tuna yana da dawar da bai gama sussuka ba. Aka ba ƙaninsa, abokin wasana, mutumin da bakinsa bai san hutu ba.

Ranar Kirsimeti da hantsi majami'armu ta jinka ta cika ba masaka tsinke. Maƙwabtanmu Musulmi, da suka zo cin shinkafa, suka jeru a tagogi suna leƙe. Komin ma na gaske ne, wanda awakin Inna ke ci a ciki. Aka cika shi da harawa, aka shimfiɗa zane a kai, aka kwantar da yaron. Malam dai bai yarda da abu rabi da rabi ba, don haka ya aro tunkiya daga rugar Fulani ya ba masu wasan makiyaya. Tun asuba take ɗaure a bayan majami'a, ba wanda ya tuna ya ba ta ko dusa.

Aka fara. Yarinyar da ta fito a mala'ika ta daka tsawa, “Kada ku ji tsoro!” har ƙananan yara suka fashe da kuka. Ƙanin mijina ya sunkuyo ya ce mini, “Matar Yaya, ji yadda kika yi laƙwas kamar ta Allah. Ni da na san ki a gaban akushi.”

Ina ta danne dariya makiyaya suka shigo. Tunkiya ta shaƙi ƙanshin harawa, ta fizge igiya, ta yo kan komi. Ta cusa kai ƙarƙashin zane ta finciko, komi ya karkace, yaron ya callara ƙara.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kai wa tunkiya mari, na suri yaron na ƙanƙame a ƙirji. “Wayyo ɗana!” na ce. Na kuma kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfi, har sau biyu.

Ƙanin mijina ne ya fara magana: “Af! Ashe ta san sunansa!” Sai dariya ta ɓarke har tagogi. Wata tsohuwa a sahun mata ta tafa hannu ta ce, “Oh ni, 'yan zamani!” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Inna ta taso. Na miƙa mata shi hannu bibbiyu, idona a ƙasa, ina jiran abin da zai biyo baya. Ba ta karɓa ba. Ta juya ta dubi matan ta ce, “Ita waccan ta Baitalami, uwar Almasihu, wa ta miƙa wa nata? Ba uwa, ba uwar miji, ko mai dafa mata ruwan wanka babu. Ku bar yarinya ta yi wasanta daidai.”

Ta sunkuyo kamar mai gyara mini lulluɓi, ta yi magana a kunnena yadda ba mai ji sai ni.

“Ni nawa na fari ya koma yana wata huɗu. Har yau in na nemi fuskarsa ba na samu. Kalle shi ki ƙoshi, 'yar nan.”

Ta koma mazauninta, malam ya yi gyaran murya, aka ci gaba da wasa. An ce masu hikima daga gabas sun shigo da kyautai, an ce har rawanin ɗayansu ya warware ya taɗe shi. Ni ban gani ba. Ina can ina kallon yarona.