Na'urar Baffa da 'Yan Dubiya

Bara da bazara na sauka Burumburum da 'yan na'urori uku a jaka, kowacce kamar kwalin ashana. Na Baffa ne, yayan babana. Zuciyarsa ke masa wasa. Likita a Kano ya ce a manna masa ɗaya a ƙirji, ɗaya a damtse, ta ukun a ƙugu tana tattara bayani, kwana bakwai cur. In bayanin ya cika kuma ya yi kyau, a bar shi ya yi damina a gonarsa. In ya yanke, sai gadon asibiti a birni. Baffa ya ce gara a ɗaure shi a turke.

Batirin ba a cajinsa. Abin da ke kai shi sati, barci na'urorin suke yi. Kowacce da lokacinta: ta farka, ta tura nata, ta koma. Akwai wani maɓalli na gaggawa, in an danna duk su tashi su yi ta rige-rigen magana.

Kwana biyu kacal, wayata ta nuna batirin na'urorin ya kusa rabi. Na rasa gane kan abin, sai na zauna a zaure na zuba ido. Ashe 'yan dubiya ne! Duk wanda ya ce "Malam, ya jiki?" sai Baffa ya ɗaga riga ya danna, fitilu uku su kawo kore.

"Ga shi, gani ya kori ji."

Har daga Kwanar Dangora zuwa ake yi kallo.

Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah ka bar su su yi barci."

"Kai ɗan birni, baƙo ya yi sallama su kuma suna kwance? A gidana?"

Abokinsa, wani dattijon makiyayi, ya kwashe da dariya. "Malam, garke uku, rijiya ɗaya. Ka taɓa ganin mun kora su tare? Kowa jiran layinsa yake a inuwa."

"Wato ni ne rijiyar?"

"Tsohuwa ma, mai gansakuka."

Baffa ya wurga masa hula. Inna, matarsa, ba ta tsaya jin ƙarshen musun ba. Ta samo murfin lemo ta kife kan maɓallin, ta liƙe da filasta, ta ce wanda ya ɓare da ita zai yi. Na nuna mata yadda za ta cire in jikin ya tashi da gaske. 'Yan dubiya suka koma cin goro.

Rana ta bakwai batir ya yi ja wur, ni kuma duk minti ina leƙa waya. Da kyar ya kai. Washegari likita ya kira, ya ce a bar tsoho ya yi shuka, amma ban da huɗa da kansa.

Baffa bai bari an gama ba ya ce a sauko masa da irin dawa daga rumbu.