Kamun Kawu Gwadabe

Ranar Laraba, 14 ga Yuli, 1993, muna cikin aji aka kira ni ofishin shugabar makaranta. Na tarar da Goggo Tasalla a zaune, ta taso tun daga Beli. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Barira, sai haƙuri. Kawunki Gwadabe ya riga mu gidan gaskiya.” Na Allah muke, gare Shi za mu koma.

Kawu, tun da ka bar aikin soja kai kake kula da oba-oba, wato rediyon kira na ɗakin shan magani na garinmu, ba tare da wani ya ɗora maka ba. Ina tuna lokacin da aka ɗaura eriya biyu a jikin gora ɗaya, ta kiran Karaye da ta kiran Rogo, ba a jin komai sai shuuu. Ka daɗe kana kallonsu, sannan ka ce, “Gulma suke yi. Kowacce ta bar na nesa tana sauraron ta kusa.” Ka raba musu gora, ka auna tsakaninsu da kamunka, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ka kwantar da ɗaya ka bar ɗaya a tsaye. Muryar Karaye ta fito ras. Da wannan oba-obar aka kira motar asibiti ranar da haihuwar fari ta zo wa 'yarka, Yaya Jamilatu, da gardama.

Ni da ba na iya haɗa ido da manya, kai kaɗai kake tambayata abin da aka koya mana, ka jira har in gama in-ina.

Bayan sadakar uku iska ta kayar da sandunan eriyar duka biyu. Kowa ya tuna ka ce kamu huɗu ne. Sulle mai ba da magani ya auna da nasa hannun, maƙwabcinka Barau ya auna da nasa, gulmar ba ta daina ba. Sai a lokacin muka tuna kai dogo ne, kamunka ba irin na kowa ba ne.

Suka ce a kira 'yar makaranta. Na zo da rulata na tsaya a gaban maza, ban san abin da zan auna ba. Na ɗauko tsohuwar rigarka na gwada hannunta, amma hannun riga ba ya kaiwa yatsu. Kullum muna matsar da gora, kullum shuuu.

Kawu, Yaya Jamilatu ta sake samun ciki, har ya tsufa. Damina ta ɓata hanya, motocin haya sun daina shigowa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane kiran da ya isa saboda kai ya zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo Tasalla da mahaifiyata da dukan mutanen Beli, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Yaya Jamilatu kuwa, ya Ubangiji, Ka sauke ta lafiya a ɗakinta, ba sai an kira kowa ba.