Tagar da Alhaji Ya Toshe

Da hancina nake neman abinci. Humra da turaren wuta nake haɗawa, sana'ar da na gada wurin kakata, kuma a wancan lokacin amaryar da ba ta shiga hayaƙina ba a Zongon Kwatano, sai a ce ba a gama gyara ta ba. Har daga unguwar Akpakpa mata ke hawa zemijan, baburan haya, su zo. Ba na awo da cokali. In buɗe kwalba in shinshina, in san farce ya yi yawa ko sandal ya gaza.

Ɗakina a gidan gadon su mijina yake, da taga ɗaya tak mai kallon titi. A irin gidajenmu ko ƙusa ba a kafawa a bango sai babban gida ya yarda, babban gidan kuwa yayan mijina ne, Alhaji. Shekarun da aka buɗe siyasa, kowa ya samu baki, kasuwa ta motsa, sai kwaɗayi ya kama shi. Wata rana na dawo daga cefane na tarar magina sun jera bulo a tagata, suna tayar masa da butik, wato shago, a jikin bangon.

Na ce, "Yaya, ta ina iska za ta shigo?"

Ya ce, "Ga ƙofa nan. Ko ke kaɗai ce mai numfashi a gidan nan?"

A rediyo ana caccakar ministoci babu mai ɗaure kowa, amma dimokuraɗiyyar nan ba ta taɓa tsallako zaurenmu ba. Mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanyar arewa, kuma a gaban yayansa laƙwas yake yi. Da ya dawo sai ya ce in yi haƙuri.

Kwatano ba ta raga wa ɗaki mara taga. Da damina ta sauka, danshi daga ƙasa yake tasowa. Fumfuna ta kama bango, baƙa ƙirin, ta shiga bayan kwaba da ƙarƙashin katifa, har takalman sallata suka yi gashi. In goge yau, jibi ta dawo.

Da atishawa abin ya fara. Sai hanci ya toshe ya ƙi buɗewa, goshi da kumatu suka yi nauyi, in na yi sujada sai in ji kamar fuskata za ta zube a kan darduma. Majina mai kauri tana bi mini ta maƙogwaro. Aka ce mura ce. Wace irin mura ce ke shekara? Na sha ƙwayoyin farmasi, na yi sirace da tafarnuwa, wata tsohuwa ta ba ni asara, garin taba, na shaƙa har na yi hawaye. Ran da na buɗe kwalbar miski na ji ta kamar ruwan randa, zama na yi a ƙasa na yi kuka. Alhaji kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Cewa yake hayaƙina ne ya ci ni.

Ƙanwata da ke aure a Agontinkon ita ta ja ni wurin likitan hanci. Ya leƙa, ya sa aka yi hoto, sannan ya zaunar da ni. Ya ce a cikin ƙashin fuska akwai koguna, a bayan kumatu da goshi, masu 'yan ƙofofi zuwa hanci. In ciki ya kumbura ƙofofin suka toshe, majina ta taru ta rasa mafita. Ƙura na jawo haka, hayaƙi ma, har da nawa, bai ɓoye mini ba. Amma nawa ciwon, in ji shi, fumfuna ce: kowa na shaƙar ƙurarta a iska, sai dai jikin wasu ba ya shiri da ita, kuma ƙwayoyin da na yi ta sha ba ruwansu da ita. Har tsiro ya fito mini a hanci.

Ya tambaye ni, "Madam, a ina kike kwana?"

Aka yi mini aiki, aka yanke tsiron, aka kwaso wani abu mai kauri kamar tunkuza. Ya ba ni maganin fesawa, ya ce in riƙa wanke hanci da dafaffen ruwan gishiri, ya kuma gargaɗe ni cewa in na koma cikin danshin nan, ciwon zai iya dawowa. Ƙamshi kuwa, ya ce sai mu jira mu gani.

Na durƙusa gaban Alhaji da hancina a kumbure. Na ce, "Yaya, ko a fasa tagar, ko a sauya mini ɗaki."

Ya ce, "Likitan ne ya gina gidan ubana?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tattara kwalabena na koma wurin ƙanwata, har mijina ya kama mana haya. Ciwon kai ya tafi, numfashi ya dawo. Ƙamshi bai dawo ba. Na tsani mutumin nan, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Bayan shekaru aka tashi bikin autarsa, ya aiko matarsa wai a yi wa amarya turare irin na da. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, a bayana ta girma. Na haɗa da abin da hannuna ya tuna, ƙanwata na shinshina mini tana cewa ƙara, rage.

Ranar kai amarya hayaƙi ya cika tsakar gidan, mata na ta lumshe ido. Alhaji ya fito yana baza babbar riga, ya tsaya a kaina.

"Kai, madalla! Ƙamshin nan har titi. Hajiya, me kika zuba a ciki haka?"

Na ɗaga kai na dube shi a gaban kowa. Na ce, "Kai za ka faɗa mini, Yaya. Kai ne mai hanci."