Sai Na Dawo Mu Buɗe Na Biyu

Duk wanda na ji yana maganar gem ɗin nan, wasan da ake yi a talabijin, a kasuwar Sinnar cewa yake na biyu ya fi na farko. Ba na musu da su, don ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Hoton na biyu ya fi kyau, wannan gaskiya ne. Amma ni na farkon na fi so, kuma zan faɗi dalilina iyakar abin da na riƙe. In na yi kuskure a wani wuri, Allah ya yafe mini.

Ƙauyenmu yana kusa da madatsar ruwa ta Makwar, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yaya, ya girme ni da shekara huɗu. Da Baba ya rasu mu muka gaji hawasharsa, gonar da hukumar noma ta yanka masa. Yaya ne mai ƙarfi da saurin hannu. Ni kuwa ni ne mai komawa in duba ko an toshe bakin ruwa, in dawo gida, in zauna, in sake tashi in koma in duba.

Wata shekara da auduga ta yi kyau, Yaya ya shiga Sinnar ya dawo da tsohon akwatin gem, da faifai ɗaya, da abin riƙewa guda ɗaya tak, wanda muke kira hannu. A lokacin na wuce ashirin. Inna ta leƙo ɗaki ta gan mu a gaban talabijin ta ce, "Ƙattai biyu sun koma yaye." Ba ta hana mu ba, don ba ma taɓa shi sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke korar kowa daga gona, shi ma in akwai wuta.

Gem ɗin labarin wani mutum ne mai fitila da takobi, da ya faɗa cikin wani tsohon birni a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya cinye rabinsa. Da Turanci suke magana. Ni a firamare na tsaya, kuma da Larabci muka yi ta, Yaya ma bai fi ni ba. Don haka muka yanke wa kanmu cewa mutumin hanyar gida yake nema. Babu taswira a ciki, lungunan kuma duk kamar juna. Mako guda muka yi muna zagaye wuri ɗaya. Sai na ɗauko ragowar littafin makaranta da fensir, na fara zana duk inda muka bi: ƙofa, matakala, rijiya, inda dodo ke ɓuya. Daga ranar aiki ya rabu. Hannu na Yaya ne, littafi nawa.

"Ina muka nufa, malam mai taswira?"

"Dama. A'a, tsaya in duba."

"Kai mutumin ga, dodo na bisa kaina kana cewa in tsaya!"

"Hagu ce, Yaya. Yi haƙuri, hagu."

"Sun kashe mu. Allah ya isa tsakanina da fensirin ga naka."

"Daina faɗin haka, ko da wasa."

Sai ya yi dariya ya daki ƙeyata. In mutumin ya mutu, gem ɗin yakan mayar da mu can baya da nisa, sai mu sake biyowa, ni ina karanta hanya, shi yana tafiya. Ban taɓa jin haushin komawar ba. A nan ne nake da amfani.

Akwai wani wuri mai ƙofofin ruwa guda shida, wanda mai sayar da faifan ya ce samarin gari duk a nan suke maƙalewa. Mu rana biyu muka yi muka wuce, domin ban ruwa ne kawai. Ka toshe na ƙasa, ka buɗe na sama, ka yi haƙuri ruwa ya taru ya ɗaga kwalekwale. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin tur'a yana jiran ruwa ya kai ƙarshen kunya ba, sauri zai yi ya buɗe duka, ya rasa duka. Yaya ya ce, "Wanda ya ƙera abin ga, ubansa na da hawasha." Daga shukar auduga muka fara, sai da aka tsince ta muka gama. A ƙarshe mutumin ya fito sarari ya ga rana, amma ba a nuna ya isa gida ba. Muka san da saura.

Bayan nan noma ya yi ta ja da baya, maganar zinariya kuma ta cika ƙauye. Samari suka riƙa tafiya arewa haƙa, cikin hamada. Yaya ya ce zai je wata shida ya dawo mu gyara gida. Na raka shi tashar mota a Sinnar. Ana ɗaura kaya sai ya ɓace cikin kasuwa, ni kuma hankalina ya tashi kada motar ta tashi ta bar shi. Ya dawo yana haki, ya miƙo mini faifai a cikin leda, an manne bakinta da salatef. Hoton mutumin nan namu ne a jiki, da fitilarsa.

"Na biyu ne," ya ce. "Kada ka kuskura ka buɗe sai na dawo. Rantse."

Na ce, "Wallahi tallahi ba zan buɗe shi ba sai ka dawo."

Ya riƙe baki. "Kai, wasa nike maka! Wa ya ce ka kai ta har tallahi?"

"Na riga na faɗa."

"To shi ke nan, ka ɗaure kanka. Ka sayi sabon littafi, ka feƙe fensir."

A wata na biyar rami ya rufta da su, su huɗu. A can aka binne su, saboda nisa da zafi. Jakarsa kawai aka kawo mana. Muka yi zaman makoki kwana uku a rumfar ƙofar gida ba tare da mun ga gawa ba. A wurinmu in an tashi makoki akan fitar da tufafin mamaci a bayar sadaka. Inna ta bayar da na cikin jakar, amma farar jallabiyyarsa ta Juma'a da ke rataye a ƙusa a ɗakinmu, ta ce gobe. Mata suka yi magana, ta ce gobe. Har suka gaji suka bari.

Ni kuma faifan yana cikin akwatin ƙarfena, tsakanin shafukan tsohon littafin taswira. Duk Juma'a in na dawo masallaci sai in fito da shi, in goge ƙura, in duba ko salatef ɗin ya ɗaga. Mutanen da suka binne Yaya na san su, ba maƙaryata ba ne. Amma zuciyata ba ta barina. Su huɗu ne, in ji ta, ƙasa ta danne fuskokinsu, wa ya tabbatar? Na ce sai ya dawo, kuma muddin ledar tana manne, maganar tana nan a tsaye. In na ji mota ta tsaya a bakin gadar tur'a, sai in bar abin da nake yi in saurara.

Shekara biyu ina haka. Wata Juma'a ina goge ledar sai na ga inuwar Inna a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, mi kake jira?"

"Ba komi, Inna."

"Ƙarya kake, kuma ba ka iya ta ba. Duk ranar da na gan ka da abin ga, sai in ji kunnena ya koma hanya. Na gaji. Ko ka buɗe shi, ko ka jefa shi tur'a."

"Na yi rantsuwa, Inna."

"To tafi wurin liman, ba ni na ɗaure ka ba."

Limaminmu tsoho ne, abokin Baba. Na same shi a inuwar masallaci bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai.

"Faifan karatu ne?"

"A'a, Allah gafarta malam, na wasa ne."

"Waƙa?"

"A'a. Mutum ne ake tuƙawa a cikin talabijin."

Ya daɗe yana kallona. "Kai da marigayi, da girmanku?" Na sunkuyar da kai. Sai ya sassauta murya. "Ɗana, tunda ka ambaci sunan Allah, rantsuwa ce. Ka yi kaffara, ka ciyar da mabukata goma, ka buɗe abinka. Wanda kake jira ba shi zuwa. Mu za mu same shi."

Na tambaye shi ko kafin buɗewa zan ciyar ko bayan. Na tambaye shi ko dole maza ne. Na tambaye shi in ɗaya daga cikinsu bai ƙoshi ba fa. Ya ce, "Tashi ka tafi, kafin ka sa ni ma in yi rantsuwa."

Lokacin tsintar auduga ne, baƙi masu tsinta sun kafa bukkokinsu a gefen gonaki. Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, na ɗauka na kai musu. Na ƙirga mutum goma sau biyu. Ta biyo ni a baya, na ji tana ce musu su yi wa ɗanta addu'a. Sai na shiga damuwa, kada niyya ta gauraya abincin ya zama sadaka ba kaffara ba. Don haka na ƙara da azumin kwana uku, ban gaya wa liman ba.

Na sayi sabon littafi kamar yadda Yaya ya ce. Na feƙe fensir. Bayan azahar na sa reza na yanke salatef ɗin.

To ga abin da na gani. Ruwan na biyu kamar ruwan gaske yake, har inuwar mutumin ake gani a ciki. An ƙara masa shekaru, an ba shi baka da igiyar hawa. Faɗa ya yi yawa, kiɗa ya yi daɗi. Amma tun daga ɗakin farko wata 'yar kibiya ta fito a saman hoton tana nuna hanya. In ka juya, ta juya da kai. A kusurwa kuma ga taswira tana zana kanta da kanta. Na ja layi biyu a littafina, na ga ta riga ni, kuma nata ya fi nawa daidai. Na ajiye fensir. Da na isa ƙofofin ruwa sai murna ta kama ni, na ce ga namu. Ashe maɓalli ɗaya ake dannawa su buɗe duka. Ba jira, ba na sama, ba na ƙasa. Duk wanda ya yi wannan bai taɓa ban ruwa ba.

Yatsuna ba su da sauri, an kashe ni ba adadi. Amma a na biyu in ka mutu, nan take za a tashe ka a inda ka faɗi. Don haka ni, da ban taɓa riƙe hannu ba, na yi ta wucewa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sun yi shi yadda mutum ɗaya zai gama, ba ya bukatar kowa a gefensa.

A kwana na takwas kibiyar ta kai ni bakin wani rami na masu haƙa, da itatuwa an tokare rufinsa. Ina shiga ƙasa ta fara zubowa. Ana son ka yi gudu. Ni kuwa yatsuna suka ƙi motsi. Ina kallo rufin ya sauko a kan mutumin, fitilar ta mutu, hoton ya yi baƙi. Kafin in sauke numfashi sai ga shi a tsaye a bakin ramin, tufafinsa fes, fitila na ci. Na sake shiga, na sake tsayawa, ya sake tashi. Ban san sau nawa na yi haka ba. Ban yi kuka a rumfar makoki ba, don ina ta lura da ko shayi ya isa baƙi. A ranar na yi, har Inna ta shigo ta zauna a gadon Yaya. Da aka kira la'asar ta ce, "Gobe ka fitar da shi daga ramin ga." Washegari na fitar da shi.

Kwana goma sha ɗaya na yi na gama. Na fito tsakar gida, Inna tana tankaɗe.

"Mutumin naku ya kai gida?"

"Ya kai, Inna."

"Akwai wanda ya tarbe shi?"

"Wata tsohuwa."

Ta kaɗa kai, ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗakinmu. Ta fito da farar jallabiyyar a ninke, ta ce in kai wa wani dattijo a cikin masu tsinta, mai tsayi irin na Yaya. Na kai. Ta yi masa daidai.

Na biyun ban sake sa shi ba. Sabon littafin yana nan da layi biyu a shafin farko. Bayan wani lokaci na ɗauko na farkon na sa, na ɗora tsohon littafin a cinyata. Hanyoyin duk suna nan yadda na zana su, har da inda Yaya ya diga mini shayi a kan rijiya ta uku. Sai dai abin riƙewar hannu biyu yake ci. In na saki ɗaya don in juya shafi, dodo ya same ni. Na kai ƙofofin ruwa da ƙyar, na toshe na ƙasa, na buɗe na sama, na zauna ina jiran ruwa ya taru.